ALFRED BINET: BAFARANSHEN DA YA ƘAGO MA'AUNIN BASIRAR YARA

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ɗakin jarrabawa aka miƙa masa tambayoyin da ba a koyar da su a aji ba, kamar a ce ya fid da bare cikin kalmomi biyar ko ya cika jerin lambobi, da duk ma'aikacin da ya taɓa yin irin wannan gwaji kafin a ɗauke shi aiki, to ya taɓa cin gadon wani Bafaranshe mai suna Alfred Binet. Shi ne ya fara fito da ma'aunin basira mai aiki sosai, cikin shekarar 1905. Amma abin da ya nufa da ma'aunin, da abin da aka mai da shi bayan ransa, sun sha bamban ƙwarai.

An haifi Binet ran 8 ga watan Yuli, 1857, a birnin Nis. Ubansa likita ne, uwarsa kuwa mai zane-zane. Da iyayen suka rabu, sai uwar ta koma da shi birnin Faris, inda ya yi karatun shari'a ya sami digiri a 1878. Amma aikin lauya bai kwanta masa a rai ba. Sai ya lizimci babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa, yana ta bin littattafan ilmin halayyar ɗan Adam shi kaɗai, ba malami. A 1883 ya shiga aiki a asibitin Salpetriere, ƙarƙashin shahararren likitan nan na cututtukan jijiya, watau Jean-Martin Charcot.

A nan ne ya yi tuntuɓen da ya gyara masa tafiya. A asibitin ana amfani da dabarar nan ta sa majiyyaci ya shiga wani hali mai kama da barci, inda yake bin abin da aka umurce shi. Binet da abokin aikinsa Charles Fere suka buga rahoto cewa idan an kusantar da maganaɗisu ga mutumin da ke cikin wannan hali, motsin da yake yi da hannun dama sai ya koma na hagu. Wani masani daga ƙasar Beljiyam, Joseph Delboeuf, ya zo ya gani da idonsa, ya lura cewa a gaban majiyyatan ake faɗin abin da ake sa ran zai faru, su kuwa suna ji, sai su aikata. Ashe ba maganaɗisu ne ke aiki ba, bakin masu binciken ne. Binet ya yi ta gardama, amma daga bisani ya amsa kuskurensa a rubuce, kuma ya bar asibitin a 1890. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya ja da baya. Tun daga ran nan bai ƙara sakankancewa da wani awo ba sai ya tabbata cewa mai awon bai sa son ransa a ciki ba.

Cikin wannan hali sai ya mai da hankalinsa gida. Ya auri Laure Balbiani a 1884, suka haifi 'ya'ya mata biyu, Madeleine da Alice. Ya lura cewa tun wajen koyon tafiya halinsu ya bambanta: babbar ba ta sakin abin da ta dafa sai ta hango wani, ƙaramar kuwa sai ta auka kawai, ta faɗi ta tashi. Ya yi shekaru yana gwada su da kalmomi da hotuna da lambobi, har abin ya zama littafi a 1903. A nan ya gane cewa basira iri-iri ce, kuma tana girma tare da yaro. A 1891 ya shiga ɗakin binciken halayyar ɗan Adam na Jami'ar Sorbonne, ya zama shugabansa a 1894, ya kuma kafa mujallar wannan fanni ta farko a Faransa.

A wancan zamani masana sun ɗauka cewa ana iya gane basira ta hanyar kaifin gani da ji da saurin motsi. Haka Francis Galton ya yi a Landan, haka James Cattell ya yi a Amurka, sai ga shi a 1901 bincike a Jami'ar Columbia ya nuna cewa sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje bai da wata alaƙa ta a zo a gani da ƙoƙarin ɗalibai a karatu. Shi kansa Binet ya yi ta auna girman kawunan 'yan makaranta, ya tarar bambancin da ke tsakanin haziƙai da masu rauni bai taka kara ya karya ba. Daɗin daɗawa ya kama kansa yana rage awon yaron da aka riga aka gaya masa cewa mai rauni ne. Saboda haka ya watsar da wannan hanya, ya tsaya a kan cewa in ana son a auna hankali, to a ba shi aikin hankali: fahimta, da tunawa, da kwatantawa, da yanke hukunci.

Dama ta samu ta wajen hukuma. Tun 1882 Faransa ta kafa dokar ilmin tilas ga yara daga shekara 6 zuwa 13, azuzuwa suka cika, aka kuma ga yaran da ba sa iya bin karatu. A 1904 Ministan Ilmi ya naɗa kwamiti don duba al'amarinsu, Binet yana ciki. Abin da ya dame shi shi ne, in aka bar zaɓen a hannun ra'ayin malami ko likita kurum, to za a iya jefa yaro mai ƙiriniya ko mai kunya cikin masu raunin hankali alhali kuwa lafiyarsa lau. Shi da wani matashin likita, Theodore Simon, suka shirya gwaji mai matakai 30, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Akan fara da ganin ko yaro zai bi hasken ashana da ido, sa'an nan ya faɗi sunayen abubuwan da ke cikin hoto, ya maimaita lambobi, ya faɗi bambancin ƙuda da malam-buɗe-littafi, ya jera 'yan akwatuna biyar bisa ga nauyinsu, har ya kai ga haɗa jimla ɗaya da kalmomi uku da aka ba shi.

A 1908 suka sake fasalin gwajin bayan sun jarraba yara wajen 200. Ka'idar ita ce, duk tambayar da galibin 'yan shekara biyar suka ci, amma galibin 'yan shekara huɗu suka kasa, to ta 'yan shekara biyar ce. Ta haka ɗan shekara uku zai nuna hancinsa da idonsa da bakinsa, ɗan shekara biyar ya ƙidaya kwabbai huɗu, ɗan shekara takwas ya yi ƙidaya da baya daga 20. Yaron da ya gaza wa tsararrakinsa da shekara biyu ko fiye, shi ne ke bukatar aji na musamman. Watau an daina auna yaro da ra'ayin babba, an koma auna shi da sa'o'insa.

Binet ya kafa wa ma'aunin nasa iyaka. Ya bayyana cewa basira ba kamar tsawo ba ce da za a sa mata tsinken awo. Ya ƙi yarda da masu cewa rabon mutum na basira ba ya ƙaruwa, har ma ya shirya darussan horar da natsuwa da tunani ga yara masu rauni, kamar yadda ya nuna a littafinsa na 1909. Da aka gwada 'ya'yan masu hali a birnin Brussels aka tarar sun fi 'ya'yan talakawan Faris ci, sai ya danganta wannan ga yanayin gida da yawan kalmomin da yaro ke ji. Ya fito da gyara na biyu a 1911, kana ya mutu a Faris ran 18 ga watan Oktoba na wannan shekara, yana da shekara 54, bai taɓa samun kujerar shehun malami a jami'a ba.

Bayan mutuwarsa ma'aunin ya shiga wasu hannuwa. A 1912 wani Bajamushe, William Stern, ya ba da shawarar a raba shekarun basira da shekarun haihuwa. A 1916 Lewis Terman na Jami'ar Stanford a Amurka ya gyara gwajin, ya riɓanya sakamakon da 100, aka sami lambar nan da aka sani da IQ. Misali, ɗan shekara 10 da ya tsaya a matakin 'yan shekara 8, lambarsa 80 ke nan. Terman da Henry Goddard sun ɗauki wannan lamba a kan gado ce wadda ba ta sākewa. Goddard ya gwada baƙin da suka sauka daga jirgin ruwa a tsibirin Ellis, a gajiye, a baƙon wuri, ya yanke cewa da yawansu masu raunin hankali ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka gwada sojan Amurka fiye da miliyan ɗaya da rabi. Jihohi da dama a ƙasar suka kafa dokar hana haihuwa ta hanyar tiyata ga waɗanda aka ce hankalinsu bai cika ba, aka yi wa mutane fiye da 60,000 cikin ƙarni na 20, kuma sakamakon gwajin basira yana daga cikin hujjojin da aka riƙa kafawa. Simon, wanda ya rayu har 1961, ya yi ta nuna ƙin amincewarsa da taƙaita basirar mutum a lamba guda.

Masana na yau sun koma ga taka-tsantsan irin na Binet. Ba a karɓar gwaji sai ya cika sharuɗɗa: a yi wa kowa shi ta hanya ɗaya da lokaci ɗaya, in an maimaita ya ba da sakamako makusancin na farko, a tabbatar cewa abin da aka ce yana aunawa shi yake aunawa, sa'an nan a kwatanta mutum da jama'ar da suka yi tarayya da shi a harshe da yanayin rayuwa. Gwajin da aka tsara don 'ya'yan wata ƙasa, in aka ɗora shi a kan yaron da bai ƙware a harshen ba, harshen aka auna, ba basirarsa ba.

Don haka malamin da ke riƙe da sakamakon yaro, da jami'in da ke tace masu neman aiki, da ɗalibin da aka taɓa gaya masa cewa ba shi da ƙwaƙwalwa, ya kamata su san cewa wanda ya ƙago ma'aunin nan ya yi shi ne don a gano yaron da ke bukatar taimako a taimake shi tun da sauran lokaci.