Bruce McLaren: Direban da Ya Ƙera Motar Tserensa

An haifi Bruce McLaren a birnin Auckland na ƙasar Nuzilan ran 30 ga watan Agusta, 1937. Mahaifinsa yana da gidan mai da garejin gyaran motoci, saboda haka cikin ƙarafa da baƙin mai ya buɗe ido. Yana da shekara tara wata cuta ta kama shi a kwatangwalo, ta kwantar da shi kimanin shekara biyu a gidan jinyar yara. Ko da ya tashi, ƙafarsa ta hagu ba ta kai ta dama tsawo ba, da ɗingishi kuwa ya ƙare rayuwarsa.

Wata tsohuwar mota ƙirar Austin 7 da mahaifinsa ya gyara ita ce makarantarsa ta farko. Da ita ya fara shiga gasa tun bai cika shekara 16 ba, a jikinta kuma ya koyi kwance inji da ɗaurawa. Cikin 1958 ƙungiyar tseren motoci ta ƙasarsu ta zaɓe shi ta aika da shi Turai. Jack Brabham, mutumin Ostareliya, ya kama hannunsa, har ya sami shiga kamfanin Cooper na Ingila, mai ƙera motocin Fomula 1, watau motocin nan masu kujera ɗaya tak, waɗanda tayoyinsu ke waje ba rufi. A ƙarshen 1959 ya ci tseren Amurka a Sebring yana da shekara 22. A shekara ta gaba ya zo na biyu a gasar duniya, yana bin bayan Brabham.

Wani da ya kai wannan matsayi sai ya zauna ya ci albashinsa. Shi kuwa Bruce tuƙi kaɗai bai ishe shi ba, domin in mota ta ƙi tafiya yadda yake so, yakan san inda aibin yake, ba shi kuwa da ikon gyarawa a gidan wani. Don haka cikin 1963 ya kafa ƙungiyarsa, ya sa mata sunansa. Tun farkon tafiya suka ga abin da sana'ar ke ci: a watan Fabrairu na 1964 abokin tuƙinsa Timmy Mayer ya mutu a haɗari wajen gwaji a tsibirin Tasmaniya. Wan mamacin, Teddy Mayer, bai janye ba. Ya tsaya tare da Bruce, ya riƙe harkar kuɗi da ta ofis.

Motar McLaren ta fara shiga Fomula 1 a Monako cikin 1966, amma shekara biyu aka yi ana fama da injuna marasa ƙarfi ko masu yawan lalacewa. A wannan shekara ce dai ya ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa cikin motar Ford, shi da ɗan ƙasarsu Chris Amon. Al'amari bai gyaru ba sai 1968, da suka sami injin Cosworth, kuma Denny Hulme, zakaran duniya na 1967, ya shigo ƙungiyar. A Beljiyam man Jackie Stewart ya ƙare dab da ƙarshen tsere, Bruce ya wuce ya ci, alhali shi yana zaton na biyu ya zo.

Kuɗin da ya riƙe ƙungiyar kuwa yawancinsa daga gasar Can-Am ta Amurka da Kanada ya fito, inda ake tsere da manyan motoci masu rufaffun tayoyi, lada kuma mai tsoka. A 1969 an yi tsere 11, motocinsa masu launin ruwan lemo suka cinye su duka, tsakaninsa da Hulme.

Ba shakka akwai direbobin zamaninsa da suka fi shi gudu, kamar Jim Clark da Stewart, bai kuma taɓa zama zakaran duniya ba. Inda ya yi musu fintinkau shi ne wajen gwaji. Shi ne mai kamfani, shi ne ke zama da masu zane, shi ne kuma ke fara hawa sabuwar mota kafin kowa. Wannan ɗabi'a ce ta kai shi filin Goodwood a kudancin Ingila ran 2 ga watan Yuni, 1970, don gwada sabuwar motar Can-Am. Yana cikin gudu a miƙaƙƙiyar hanya sai murfin baya ya ɓalle. Shi wannan murfi da fiffiken da ke kansa su ne iska ke dannawa don motar ta manne da ƙasa. Da suka rabu da ita sai ta kufce, ta juya, ta daki wani gini na masu ɗaga tuta a bakin hanya. Nan take ya mutu, yana da shekara 32, ya bar mata da 'ya ɗaya.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙungiyar ta bi mai ita. Amma kwana 12 bayan rasuwar sai ga motocinta a Mosport ta Kanada. Dan Gurney ya hau a madadinsa ya ci, Hulme kuma ya zo na uku, ga hannayensa ba su warke daga ƙunar da ya yi a Indianapolis cikin watan Mayu ba. Tsere tara cikin goma suka ci a shekarar. Teddy Mayer ya ci gaba da jan ragama, har Emerson Fittipaldi ya kawo musu kambin duniya na farko a 1974, James Hunt ya ƙara a 1976. Daga baya, a hannun Ron Dennis, Ayrton Senna da Alain Prost suka ci tsere 15 cikin 16 a 1988. A 2024 ma ƙungiyar ta sake ɗaukar kambin masu ƙera motoci, shekara 54 bayan an binne Bruce a maƙabartar Waikumete da ke Auckland.