Adamu Halilu (1936–2001): Daga Majigi Zuwa Shaihu Umar

Galibin masu nazarin fim ɗin Hausa sukan soma lissafi daga Turmin Danya na 1990, alhali kuwa shekaru goma sha huɗu kafin nan Alhaji Adamu Halilu ya riga ya shirya cikakken fim da harshen Hausa.

An haife shi a Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yanzu, a 1936. Ya tashi a zamanin majigi, lokacin da motocin gwamnati ke zagaya garuruwan Arewa da dare, ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada domin koyar da tsafta da noma da yaƙi da jahilci. Irin wannan dabara ce Aleksandar Medbedkin ya yi amfani da ita a Tarayyar Sobiyet a 1932, sa'ad da ya mai da jirgin ƙasa ɗakin shirya fim. Halilu ya sami horo a Landan, ya yi aiki a sashen fina-finai na Gwamnatin Jihar Arewa, inda ya shirya fina-finan wayar da kai masu yawa, cikinsu har da Mama Learns a Lesson na 1963.

Bakandamiyar aikinsa ita ce Shaihu Umar na 1976. Tushensa littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, wanda ya rubuta shi domin gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sannan Halilu ya ɗauke shi a fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Labarin ya tsaya kan cinikin bayi ta Hamada, da uwa mai neman ɗanta, da ilimin da ya ɗaukaka bawa ya zama malami. An nuna fim ɗin a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Daga baya Halilu ya shirya Kanta of Kebbi, ya kuma zama babban manaja na farko na Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979.

Ya rasu a 2001, a lokacin da Shaihu Umar ya ɓace wa masu kallo. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Wannan ya ɗora nauyi a kan sassan Hausa na jami'o'inmu. Faifan fim yana ruɓewa in an bar shi cikin zafi da laima, kuma sauran ayyukan Halilu suna buƙatar a nemo su, a adana, a nazarce su. Allah ya jiƙansa da rahama.