Susumu Ohno, likitan dabbobin da ya bayyana asirin kwafi a cikin halitta

Ranar 13 ga Janairun 2000 Susumu Ohno ya rasu a jihar Kalifoniya ta Amurka, yana da shekara 71. Ba kasafai ake jin sunansa a ƙasar nan ba, amma bunajin da ke tuƙa a makiyayar Kontagora, da jaririn da aka haifa da cutar sikila ya yi watanninsa na farko lafiya lau, duk shaida ne a kan abin da ya ƙare rayuwarsa yana bayani.

An haife shi ranar 1 ga Fabrairun 1928 a birnin Seoul, sa'ad da Koriya ke ƙarƙashin mulkin Japan. Iyayensa Japanawa ne, mahaifinsa kuma babban jami'i ne a harkar ilimi. Tun yana yaro son dawaki ya shiga ransa, son nan ne ya kai shi karatun likitancin dabbobi a Tokiyo, ya kammala a 1949. A farkon shekarun 1950 ya ƙaura zuwa Amurka, ya kama aiki a sashen bincike na asibitin City of Hope da ke garin Duarte, bai bar wurin ba har ya yi ritaya a 1996.

Ya fara da nazarin kuromosom, wato ƴan sandunan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta. A 1959 ya nuna cewa ɗaya daga cikin kuromosom X biyu da ke jikin mace a dunƙule yake. A 1967 ya kawo hujjar cewa ƙwayoyin gadon da ke kan X kusan iri ɗaya ne a wajen mutum da doki da ɓera.

Aikin da ya ɗaukaka sunansa shi ne littafin Evolution by Gene Duplication na 1970. Tambayarsa ita ce: daga ina halitta ke samun sabon aiki, alhali ƙwayar gadon da rai ya dogara da ita ba ta jure sauyi? In ta sauya, mai ita ya halaka. Amsarsa kuwa, wani lokaci wajen kwafe ƙwayoyin gado akan yi kuskure, ƙwaya ɗaya ta fito sau biyu. Ɗaya ta ci gaba da tsohon aiki, ɗayar ta sami sararin sauyawa. Ma'aikacin ofis ya san wannan ƙa'ida: ba a yin gyara a kan asalin takardar da ke cikin fayil, kwafi ake ɗauka a yi zane a kai. Yawancin irin waɗannan kwafi lalacewa suke yi, kaɗan ne ke dacewa da sabon aiki.

Ohno ya ƙara da cewa a zamanin da, dukan ƙwayoyin gadon dabbobi masu ƙashin baya sun taɓa ninkuwa gaba ɗaya, sau ɗaya ko sau biyu. A lokacin babu na'urar da za ta tabbatar da haka, masana da yawa suka yi shakka. Sai bayan rasuwarsa, da aka iya karanta ƙwayoyin gadon mutum da na wasu dabbobi baki ɗaya, bincike a 2005 da 2008 ya ƙarfafa cewa ninkin sau biyu ne.

Inda ra'ayinsa ya fi fitowa fili shi ne yadda jiki ke sarrafa abinci. Saniya ba ta iya narkar da ciyawa da kanta. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin tumbinta ne ke yi mata aikin. Daga nan su gangara ɗaki na huɗu na cikinta, inda wani sinadari mai suna laisozayim ke farfasa su, ta sami abin gina jiki. Wannan sinadari yana cikin hawaye da miyau da nonon mutum, aikinsa kashe ƙwayoyin cuta. A wajen dabbobi masu tuƙa ƙwayar gadonsa ta ninku sau da dama, wasu kwafin suka koma aikin narkar da abinci. Nonon da ake tallarsa da fura da naman da ke isa mahautan Abuja daga nan suka samo asali.

Haka abin yake ga mai cin tuwon dawa ko na masara. Amiles, sinadarin miyau da ke fara narkar da sitaci, yana da kwafi biyu kacal a jikin birin cimfanzi, amma a jikin ɗan Adam yakan kai shida ko fiye. Wani bincike na 2007 ya gano cewa al'ummomin da suka daɗe suna cin abinci mai sitaci sun fi yawan kwafin. A 2013 aka ga irin haka ga kare, wanda ya zauna da mutum yana cin ragowar abincinsa, saɓanin kyarkeci.

Abin ya taɓa lafiya kai tsaye. Himogulobin, mai kai iskar oksijin ga gaɓoɓi don su ƙona abinci, iri-iri ne saboda ninkin ƙwayoyin gado: akwai na ɗan tayi, akwai na babba. Matsalar sikila tana cikin na babba, shi ya sa alamunta ba su cika bayyana ba sai jariri ya doshi wata shida. Maganin haidiroksiyuriya da likitoci ke bayarwa yana farfaɗo da kwafin ɗan tayin ne. Ga Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Ba kowace maganarsa aka amince da ita ba. A 1972 ya kira mafi yawan DNA tarkace, har yau masana na jayayya a kan hakan. A ƙarshen rayuwarsa shi da matarsa Midori, wadda mawaƙiya ce, sun riƙa mayar da jerin DNA zuwa sautin kiɗa.

Najeriya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a 2024. Masu tsara kasafinta na da abin dubawa a rayuwar Ohno: cibiya ɗaya ta riƙe likitan dabbobi fiye da shekara arba'in, ta bar shi yana bin tambayar da amsarta ba ta tabbata ba sai bayan shekara talatin da biyar.