Leon Sullivan, faston da ya gina kasuwa da adashi

An haifi Leon Sullivan a Amurka a 1922, ya rasu a 2001. A 1950 ya zama faston majami'ar Zion a birnin Filadalfiya, cikin unguwar baƙar fata inda samari ke zaman kashe wando.

A 1962 ya nemi mabiyansa kowa ya riƙa zuba dalar Amurka 10 duk wata, har wata 36. Mu dai mun san adashi da ranar kwasa, amma nasa jari aka tara, kowa da hannunsa a ciki. Da kuɗin aka gina gidajen haya, a 1968 kuma aka buɗe kasuwar Progress Plaza, mallakar masu zubin. Har wani tsohon gidan kaso ya mayar makarantar koyon sana'a a 1964.