Abebe Bikila

Abebe Bikila (7 ga Agusta 1932 – 25 ga Oktoba 1973) ɗan tseren gudun fanfalaki ne daga ƙasar Habasha. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinare a gasar Olamfik, kuma mutum na farko da ya lashe tseren fanfalaki na gasar sau biyu a jere.

Farkon rayuwa

An haife shi a ƙauyen Jato da ke yankin Shewa. Da ya tasa, ya koma Addis Ababa ya shiga rundunar dogaran Sarki Haile Selassie. A nan ne Onni Niskanen, wani mai horarwa daga Suwidin, ya lura da hazaƙarsa ya fara horar da shi.

Gasar Roma da ta Tokyo

Ranar 10 ga Satumba 1960, Abebe ya yi tseren Roma mai nisan kilomita 42.195 ba takalmi, domin wanda ya samu bai yi masa daidai ba. Kafin ranar, shi da Niskanen sun bi hanyar sun nazarce ta, suka zaɓi inda zai ƙara sauri: kusa da hasumiyar dutse ta Aksum, wadda Italiya ta ɗauke daga Habasha a 1937. Ya kammala cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya kafa sabon tarihi a duniya. Rhadi Ben Abdesselam na Maroko ya zo na biyu.

A 1964 ya sake yin nasara a Tokyo, wannan karon da takalmi, cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, makonni kaɗan bayan an yi masa tiyata a ciki. A gasar Meziko ta 1968 ya janye saboda rauni a ƙafa, ɗan ƙasarsa Mamo Wolde ya lashe tseren.

Hatsari da rasuwa

A watan Maris 1969 ya yi hatsarin mota wanda ya shanye masa ƙafafu. Ya yi jinya a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, daga baya ya shiga gasar harbin baka ta masu buƙata ta musamman. Ya rasu a Addis Ababa sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 41. Akwai filin wasa mai sunansa a birnin.