Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilmin Ɗibbu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, wanda duk ya ci kasuwar Illela, a kan hanyar Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni, ya san rumfunan masu magani. Wani ya shimfiɗa saiwoyi da sassaƙe, wani ya ɗora lasifika bisa mota yana shelar kwalba guda mai warkar da basir da shawara da ciwon sukari gaba ɗaya. Da yawansu suna jingina hajarsu ga addini da magabata. Ya kamata malamai da fatake su san yadda babba daga cikin magabatan nan ya riƙi wannan ilmi, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu.

An haife shi shekara ta 1195 ta Hijira, daidai da 1781. Ya yi karatu ga mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi, tun yana saurayi ya ƙware ga Larabci da fiƙihu da hadisi. Da aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804 yana cikin manyan mayaƙa, shi ne kuwa ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa cikin 1808. Ya gina birnin Sakkwato cikin 1809. Da Shehu ya yi wafati cikin 1817 jama'a ta yi masa mubaya'a, ya riƙi mulki shekara 20.

Duk da yaƙi da shari'a da kafa ribaɗi, alƙalami bai bar hannunsa ba. Ban da tarihinsa mai suna Infaƙul Maisuri, ya wallafa littattafai a kan ɗibbu, wato ilmin magani. Cikinsu akwai Ujalatur Rakibi da Mawaridun Nabawiyya. Abin lura shi ne yadda ya riƙa keɓe wa cuta guda littafi guda. Ya yi Ƙaulul Mansuri a kan basir, ya yi Masugul Lujaini a kan ciwon ido, ya kuma yi risala a kan filasko da hanyoyin amfani da shi wajen sassauta ciki. Ganye ɗaya tak, amma ya ga ya isa a zauna a rubuta masa bayani, domin filaskon da ke wanke ciki shi ne ke jawo zawo mai ƙarar da ruwan jiki in an wuce kima. Ya ɗebo daga hadisan Annabi, ya ɗebo daga littattafan likitocin Musulmi na da, ya rubuta a fili yadda ɗalibi zai karanta ya bincika.

Wannan tafarkin gidansu ne. Shehu ya yi hani ga bokanci da duba da bugun ƙasa cikin Nurul Albabi. Ba su hana neman magani ba. Abin da suka hana shi ne a ci dukiyar majinyaci da da'awar sanin gaibu.

Bello bai ƙyamaci ilmin baƙo ba. Cikin 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Kyaftin Kilafatan, wanda ake kira Abdullahi, ya sauka Sakkwato. Cikin abin da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko da likita ya zauna ƙasarsa. Kilafatan ya komo cikin 1826, amma likitocin da suka taso tare da shi ba wanda ya iso. Ya kawo wa Bello littafin lissafi na Iƙlidisu da Larabci, ya kuwa tarad da shi zaune yana nazarinsa. Shi kansa baƙon ya mutu a Sakkwato cikin 1827.

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Bello bai daɗe ba. Ya rasu a ribaɗinsa na Wurno cikin Rajab 1253, daidai da 1837, can kabarinsa yake.

To, sarkin da ya rubuta maganin basir da hannunsa shi ne ya nemi likita daga bayan teku, bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Mai sayad da magani da ke kiran sunan magabata, sai a tambaye shi wace cuta, wane awo, kwana nawa, ga wa ya karanta, kuma ko hukumar NAFDAC ta san kwalbar. In ya rasa amsa, ba gadon Bello ke hannunsa ba. Mai basir da ya ga jini ya ƙi tsayawa, ko mai ciwon ido da ganinsa ke raguwa, ya gaggauta zuwa asibiti, domin jiki amana ne. Malami kuwa ya faɗi wannan a zaurensa, falke ya isar da shi inda ya sauke kaya.

Allah ya jiƙan Muhammadu Bello, ya haskaka kabarinsa, ya ba marasa lafiya sauƙi. Amin. Tamat.