Gerty Cori: Matar da ta gano yadda hanta ke buɗe rumbunta na sukari

Manomin Bici da ya yi sahur kafin asuba, ya wuni yana noma da azumi a bakinsa har la'asar, bai cika tambayar inda jikinsa ke samun ƙarfi ba bayan tuwon sahur ya daɗe da narkewa. Amsar tana cikin hantarsa. Hanta na da nata rumbu, inda take tara rarar sukarin jini a dunƙule, a matsayin wani sinadari da ake kira gilaikojin. A jikin babban mutum ajiyar kan kai kimanin giram 100, kuma daga nan ake ɗibar wa jini kaɗan-kaɗan, musamman saboda ƙwaƙwalwa, wadda ba ta jure ƙarancin sukari.

Wani masanin Faransa, Claude Bernard, shi ya fara ware gilaikojin daga hanta a 1857. Amma yadda ake buɗe rumbun da yadda ake rufe shi, sai da aka jira wajen shekara 80 kafin wata likita mai suna Gerty Cori da mijinta Carl su bi sawun lamarin mataki-mataki.

Daga Prague zuwa Buffalo

An haifi Gerty Theresa Radnitz ranar 15 ga Agusta, 1896, a birnin Prague, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hungari. Iyayenta Yahudawa ne. Mahaifinta Otto masanin sinadarai ne, kuma manajan matatar sukari, abin da ke da ɗan ban mamaki idan aka duba abin da 'yarsa ta ƙare rayuwarta a kansa.

Makarantar 'yan mata da ta yi ba ta shirya kowa don shiga jami'a ba. Da wani kawunta, farfesan cututtukan yara, ya ba ta shawarar karanta likitanci, sai ta tarar ba ta da Latin da lissafi da kimiyyar da ake buƙata. Ta duƙufa ta cike giɓin, ta ci jarrabawa, ta shiga sashen likitanci na Jami'ar Jamusawa ta Prague a 1914, shekarar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. A nan ta haɗu da Carl Cori, ɗan ajinsu. Sun kammala a 1920, suka yi aure a shekarar, bayan ta koma ɗariƙar Katolika.

A Vienna ta fara aiki, a wani asibitin yara. Bayan yaƙin yunwa ta yi katutu a birnin, har ita kanta likitar ta kamu da ciwon bushewar ido saboda rashin bitamin A. Ga talauci, ga ƙyamar Yahudawa tana ƙaruwa. A 1922 Carl ya samu aiki a wata cibiyar binciken cutar kansa da ke Buffalo a Amurka, ita kuma ta bi shi bayan wata shida, da muƙamin da bai kai nasa ba.

A wannan cibiya ne shugabanta ya yi barazanar korar ta idan ba ta daina aiki tare da mijinta ba. Ta riƙa kammala aikin da aka ɗauke ta a kansa, sannan ta koma gefen Carl su ci gaba da nasu. Kafin su bar Buffalo sun wallafa maƙalu kusan 50 tare, ita kaɗai kuma ta wallafa 11.

Mafi shahara cikin ayyukan wancan lokaci shi ne wanda suka bayyana a 1929. Idan tsoka tana aiki mai tsanani, kamar ta mai huɗa ko mai daka, takan farfasa nata gilaikojin ta fitar da wani sinadari mai suna laktet. Jini ya kwashe shi ya kai hanta, hanta ta mayar da shi sukari, sukarin ya sake komawa tsoka. Wannan zagaye shi ne ɗaliban likitanci da na kimiyya ke haddacewa har yau da sunan zagayen Cori.

Kashi ɗaya cikin goma na albashin mijinta

Jami'o'i sun so Carl, amma ba su so matarsa. Akwai inda aka nuna musu ƙarara cewa aikinta tare da shi zai dakushe masa suna. Ya ƙi karɓar irin waɗannan tayi. A 1931 suka koma Jami'ar Washington da ke St. Louis, inda aka naɗa shi shugaban sashe, ita kuma mataimakiyar bincike, da albashin da ya kai kashi ɗaya cikin goma na nasa. Digirinsu ɗaya, shekarar kammalawarsu ɗaya, sunayensu na jere a kan maƙalu ɗaya. Sai da ta shafe fiye da shekara goma kafin ta kai matakin mataimakiyar farfesa.

A wannan matsayi na ƙasa ta yi aikin da ya fi kowane muhimmanci. A 1936, suna gwaji da niƙaƙƙen naman kwaɗo, suka gano wani sinadari da ba a san shi ba: sukari ne maƙale da fosfet, kuma shi ne abu na farko da ke fitowa idan an fara warware gilaikojin. A bazarar shekarar, cikin zafin St. Louis, tana ɗauke da tsohon ciki, ta yi ta aiki har dab da haihuwar ɗansu tilo, Tom.

Daga nan suka nemi abin da ke yin warwarar. Jiki na da wasu sinadaran furotin da ake kira enzayim, kowane da aikin da yake hanzartawa. Wanda suka gano suka sa masa suna fosforiles. Gilaikojin kamar reshen itace yake mai rassa da yawa, kowane reshe jerin ƙwayoyin sukari ne, fosforiles kuma shi ke tsinke su ɗaya bayan ɗaya daga ƙarshen reshe. A 1939 suka juya aikin, suka haɗa wani abu mai kama da gilaikojin a cikin kwalbar gwaji. Bayan 'yan shekaru, tare da Arda Green, suka tace enzayim ɗin tsantsarsa, suka kuma ga cewa yana zuwa a siffa biyu: ɗaya a farke, ɗaya kamar tana barci.

A 1947 aka ba ta cikakken muƙamin farfesa, watanni kaɗan kafin a sanar da cewa ita da Carl sun ci rabin lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci. Ɗaya rabin ya tafi ga Bernardo Houssay na Ajantina. Ita ce mace ta farko da ta samu lambar a wannan fanni, ta uku a kimiyya baki ɗaya bayan Marie Curie da 'yarta Irène.

A shekarar ce kuma aka gano tana da wata cuta ta ɓargo, wadda ke hana jiki ƙera jini. Shekara goma ta yi tana rayuwa da ƙarin jini.

Yaran da rumbunsu ba ya buɗuwa

Mai karatu zai yi tsammanin daga nan ta huta. A'a, a waɗannan shekaru na jinya ne ta koma inda ta faro, wato kan yara marasa lafiya.

Tun 1929 wani likitan Jamus, Edgar von Gierke, ya bayyana yaran da hantarsu ke kumbura da gilaikojin, amma sukarin jininsu na faɗuwa da zarar sun ɗan jima ba su ci abinci ba. Rumbu cike, gida na kwana da yunwa. Gerty ta riƙa karɓar 'yan guntayen hantar irin waɗannan yara daga likitoci tana aunawa. A 1952 ita da Carl suka nuna cewa a cutar von Gierke enzayim ɗaya tak ne ya ɓace, wanda ke cire fosfet daga sukari domin ya iya fita daga hanta zuwa jini. Wannan na cikin lokutan farko da aka ɗora alhakin wata cutar gado a kan rashin enzayim guda. Ta kuma nuna cewa ba cuta ɗaya ba ce, ta rarraba ta gida huɗu gwargwadon abin da ya lalace. Nau'i na uku yana ɗauke da sunan Cori har yanzu.

Akwai tambayar da ta bari a buɗe: me ke tada fosforiles daga barci? Edwin Krebs, wanda ya yi horo a ɗakin bincikensu, shi da Edmond Fischer suka amsa ta a Seattle a tsakiyar shekarun 1950, tana da rai. Sun lura cewa idan suka tace ruwan tsoka da takardar tacewa, enzayim ɗin na farkawa, sai daga baya suka gane cewa sinadarin kalsiyam ne ke zubowa daga takardar. Bin wannan sawu ya kai su ga wani enzayim na daban, fosforiles kainez, wanda ke manna wa fosforiles fosfet ya kunna shi. Sun ci Nobel a kan haka a 1992. Krebs ɗaya ne daga cikin mutum shida da suka ratsa ɗakin binciken Cori suka ci wannan lamba daga baya.

Yau an san cewa fosforiles kainez babban gini ne mai sassa iri huɗu, kowane iri guda huɗu, jimla 16, kuma kowane sashe akwai ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi. A hanta, ɗaya daga cikin sassan yana fitowa ne daga ƙwayar gado mai suna PHKA2, wani kuma daga PHKG2. Idan ɗayansu ta samu tangarɗa, sai a samu nau'i na tara na cutar taruwar gilaikojin. Yaro kan zo da ƙaton ciki saboda kumburin hanta, da jinkirin girma, wani lokaci da kasala idan ya kwana bai ci ba.

Yadda ake gadon su ya bambanta, kuma wannan ya shafe mu. PHKA2 tana kan kromosom X, don haka 'ya'ya maza ta fi kamawa, ta hanyar uwa mai ɗauke da ita wadda galibi ba ta da wata alama. Sau da yawa wannan nau'i kan yi sauƙi idan yaro ya balaga. PHKG2 kuwa sai an gada daga uwa da uba duka, kamar yadda ake gadon sikila, kuma ta fi tsanani, tana iya kaiwa ga ƙanƙancewar hanta. A inda auren zumunci ya yawaita, kamar ƙauyukan Bici da sauran ƙasar Hausa, damar haɗuwar irin waɗannan ƙwayoyi biyu a jikin yaro ɗaya ta fi yawa.

Kada wannan ya tsorata kowa. Cutar ba ta da yawa, ana ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100,000. Yaro mai kumburin ciki a wurinmu, abin da ya fi kusa shi ne tamowa, ko saifa daga zazzaɓin cizon sauro, ko sikila, ko tsutsar ciki. Amma wanda aka yi wa maganin waɗannan duka cikin bai sauka ba, hantarsa na nan da girma, ya cancanci a tura shi babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a duba hantar da kyau. Kulawar da ake yi ta ginu ne a kan abin da Gerty ta gano: tunda rumbun ba ya buɗuwa yadda ya kamata, sai a hana yaron daɗewa da yunwa, a ƙara masa abinci mai furotin, a kuma ba shi ɗanyen sitacin masara da ke narkewa a hankali cikin dare. Wannan sitaci ba garin tuwo ba ne, kuma likita ne ke ƙayyade awonsa.

Gerty ta ci gaba da zuwa ɗakin bincike har lokacin da tafiya ta gagare ta, Carl na ɗaukar ta daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ta rasu a gida ranar 26 ga Oktoba, 1957, tana da shekara 61. Carl ya rayu har 1984.

An sa sunan Cori ga wani rami a duniyar wata. A 2008 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki mai hotonta, tare da zanen sinadarin da suka gano a naman kwaɗo. Masana sinadarai sun lura cewa an yi kuskure a zanen, amma an riga an buga, haka aka sayar da shi.